Tambayoyinku: Bidiyon karate a waya zai iya kare ni a hanya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Gumel, ina kai kaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis a babur, wani lokacin sai bayan isha'i nake kamo hanyar gida, kuma tsoron masu tare hanya su ƙwace waya ya dame ni. Na fara kallon bidiyon karate a YouTube ina gwadawa a tsakar gida. Wannan zai ishe ni kuwa? Karate da judo wanne ya fi? Sannan wani abokina ya ce haramun ne wai suna yi wa mutum ruku'u.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya tsare hanya. Gaskiya bidiyo kaɗai ba zai ishe ka ba, kuma abin da nake tsoro ma shi ne ya sa maka ƙarfin hali na ƙarya, ka ga mutum da wuƙa ka ce bari ka gwada abin da ka gani a waya. Wanda bai taɓa shan naushi ba, bai taɓa jin an riƙe masa kwalar riga an fizge shi ba, ranar da abin ya zo da gaske jikinsa sandarewa yake yi, duk abin da ya haddace sai ya gudu ya bar shi.

Karate asalinsa daga tsibirin Okinawa ne, Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922, kuma yawancinsa naushi ne da shuri da tarewa. Suna da abin da suke kira kata, wato jerin motsi da mutum ke maimaitawa shi kaɗai, shi ne galibi kake gani a bidiyo, yana da kyaun kallo kuma yana gyara tsayuwa da numfashi. Amma akwai kumite, inda ake haɗa ka da wani ku gwabza, toh nan ne ake gane wanda ya iya. Makarantar da kata kawai take koyarwa shekara da shekaru, rawa ake koya maka.

Judo kuwa Jigoro Kano ne ya kafa shi a 1882 a makarantarsa ta Kodokan, ya tsamo shi daga jujutsu na tsofaffin mayaƙan Japan ya ajiye dabarun da ke karya mutum a gefe don a iya gwadawa da ƙarfi kullum ba tare da an illata juna ba. Ya shiga gasar Olamfik a 1964. Babu naushi a wasansa, riƙo ne da kayarwa da dannewa a ƙasa. In ni ne kai judo zan zaɓa, don abu na farko da za su koya maka shi ne ukemi, yadda ake faɗuwa ba tare da kai ya bugu ko hannu ya karye ba, za ka yi ta faɗuwa kana tashi har ka gaji ka fara tunanin an cuce ka, amma mai hawa babur a hanyar yashi ya fi kowa buƙatar wannan, ko ɓarawo bai tare ka ba akuya za ta gifta maka wata rana.

Kuma kar ka raina na gida. In ana kokawa a garinku bayan kaka, shiga, don ɗan kokawa ya riga ya san nauyin mutum da yadda ake dasa ƙafa, in ya je judo ba ya wahala. Malamin judo ko karate kam sai ka shiga Kano ko Dutse ka yi tambaya a ofishin hukumar wasanni ta jiha. Ka fara zama ka kalli atisayensu, in ka ji malami na cewa wata uku zai ba ka baƙin ɗamara, wato alamar ƙwarewa da ake ɗaurawa a ƙugu, ko zai koya maka ƙwace wuƙa a sati ɗaya, ɗauki takalminka, baƙin ɗamara shekaru ake yi kafin a same shi.

Maganar wuƙa fa a yi ta a fili, in sun fito da makami miƙa wayar, babur ɗin ma in ta kama. Ka nemi abokan tafiya ku riƙa tasowa tare kafin magariba, kar ka ƙirga ciniki a bainar jama'a, kuɗin kuma ka tura ta POS ka taho da na mai kawai.

Batun abokinka, sunkuyawar gaisuwa ce ta al'adar Japanawa, suna yi wa malami da abokin karawa, har da hoton wanda ya kafa makarantar a wasu wuraren. Malamanmu da yawa ba sa son a sunkuya wa mutum, don haka ka tambayi limaminku, sannan tun ranar farko ka gaya wa mai koyarwar cewa kai musafaha za ka yi, ka ji me zai ce kafin ka biya kuɗin rajista.