Amsa ga 'yar'uwa mai tambayar me ke koɗar da kakin maigida da baƙaƙen abayoyinta

Wayyo 'yar'uwa, kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Kin ce kaki da baƙaƙen kaya suna yin fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, alhali ba ki sa bilic. To omon ne. Yawancin omon gari akwai sinadarin ƙara hasken farin kaya a ciki. Ba datti yake cirewa ba, manne wa zare yake yi, rana na dukansa sai ya riƙa fitar da haske shuɗi-shuɗi. Farar shadda ta fito fes, baƙin kaya kuwa ya dusashe. In kuna da tocilan nan ta gano jabun kuɗi, haska garin omon cikin duhu ki sha mamaki.

Ni wani mai wanki ne ya yi mini aika-aika, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina jego na ba shi sabon kakin Oga, na ja masa kunne kada ya jiƙa. Mutumin nan ya tsuma shi cikin omo ya kwana, ya goge shi da buroshi, ya shanya a tsakiyar rana, ya kuma labta masa sitati. Kore ya koma ruwan toka, gwiwa da bakin aljihu sun yi fari tas. Da na yi magana wai yadin ne ba shi da kyau! Ko haƙuri bai ba ni ba, kuɗinsa ma cif ya karɓa. Oga kuwa ni ya ɗaure wa fuska har aka yi fareti aka gama. Allah ya isa.

Kuma ba maganar kwalliya ba ce kawai. Sojojin Amurka da suka fito da sabon kaki wajajen 2005, umarnin wankinsa ya hana sitati da omo mai wannan sinadarin, don gudun kada kakin ya tona asirin mai shi a na'urar gani da dare.

Ki koma sabulun ruwa na baƙaƙen kaya, ki juya rigar ciki waje, ruwan sanyi, shanya a inuwa. In ruwan rijiyarku mai zartsi ne, shi ma yana barin fari-fari a jikin kaya, sai ki ɗauraye sosai. Bula kuma ki bar wa fararen kaya. Abin da ya riga ya koɗe dai sai rini, abayar ki kai wa marina. Kaki kam kada ki sake ba wa mai wanki, ko ciwo kike gara ya jira ki.