Amsa ga mai kyanwar da ke susa duk damina

Wa'alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kin ce da ruwa ya sauka sai kyanwarki ta hau susa har gashin gindin wutsiyarta ya zube, kuma maƙwabciyarki a Agege ta ce ki ba ta farasitamol ki wanke ta da Dettol. Don girman Allah kada ki yi ko ɗaya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Dettol ma in ta lashe shi a gashinta guba ne.

Shekara 9 ke nan ina kiwon maguna a Idi-Araba, kuma ɗaya daga cikinsu haka ta yi mini shekara biyu a jere, daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba. Ni duk a zatona sanyin damina ne. Ashe ƙuma ce. Laimar Legas da ɗuminta su ne abin da ƙuma ke so, wata kyanwar kuma jikinta bori yake yi da yawun ƙuma, cizo ɗaya sai ta kwana tana susa. Da wuya ki ga ƙumar da idonki, don tana lashe ta ta haɗiye.

Ki gwada abin da likitan dabbobi ya nuna mini. Ki jiƙa farin ƙyalle ki shimfiɗa, ki ɗora ta ki taje bayanta da mataji mai ƙananan haƙora. Baƙin ɗigon da ya zubo kamar garin masoro, in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin kyanwarki ne kike gani. Ranar da na ga nawa ƙyallen ya yi ja, wallahi tausayinta ya hana ni barci.

Likitan ya ba ni maganin ɗigawa a ƙeya mai fipronil, sau ɗaya a wata, ya ce in yi aƙalla wata 3 ba fashi, in haɗa da sauran magunan gidan, saboda ƙwayayen ƙuma suna cikin kafet da ƙarƙashin kujera. Shimfiɗarta nake wankewa da ruwan zafi duk mako, in shanya ranar da aka samu rana. Ki kula, maganin ƙumar kare mai permethrin yana sa kyanwa farfaɗiya har mutuwa. Fiya-fiya kuwa ko kusa.

In an kawar da ƙuma susar ba ta tsaya ba, to a duba funfunar bango da ƙurar katifa. Kyanwata ta biyu ita hunturu ne matsalarta, Disamba da Janairu atishawa da tari. Na san mu mata ba ma rabuwa da turaren wuta, amma sai da na daina kunna shi da maganin sauro na hayaƙi a ɗakin da take kwana kafin numfashinta ya daidaita.

Ki kai ta asibitin dabbobi tukuna a tabbatar ba makero ba ne, don shi yana kama yara. In an rubuta mata prednisolone, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, kada ki ƙara kwanaki da kanki, daɗewa a kansa yana iya jawo mata ciwon suga. In kuma kin ga tana numfashi baki buɗe, a ranar za ki kai ta, kada ki jira gobe. Allah ya ba ta lafiya.