Kuɗin rufin makaranta ne, sun ce in ciro a yi addu'a

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar mata a Aboabo, nan Kumasi. Mu 40 ne, kowacce tana zuba sidi 20 a wata, muna saya wa marayu littattafai da kayan makaranta. Kuɗin duk a MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na wayata, suke taruwa. Wani ɗan unguwarmu da ke Jamus ya aiko da sidi 15,000 a yi wa makarantar allo sabon rufi. Kafin mu sayi kwano mijin ɗayarmu ya rasu, shugaba ta ce in ciro 4,000 a yi addu'a, daga baya a mayar. Na ƙi. Yanzu ana ta cewa ba ni da tausayi. Na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mamacin, ya ba iyalinsa haƙuri.

Ba ki yi kuskure ba. Kuɗi iri biyu ne a hannunki. Akwai na zubi, wanda ku kuka tara, ku ke da iko da shi. Idan aka zauna aka yarda a taimaki 'yar'uwarku daga ciki, a rubuta, a ba ta. Sannan akwai kuɗin da mai shi ya ambaci aikinsa da bakinsa. Wannan amana ce, ko sisi ba ya fita zuwa wani wuri sai da izininsa. Waya tana hannunku, ku kira shi. In ya ce a ɗiba, ya aiko da saƙo a rubuce, ki adana. "Za a mayar" kuwa, shekaru na yi ina duba littattafan ƙungiyoyi a Zango, kuma da wuya in ga an mayar. Ba mugunta ke hanawa ba, wata rasuwar ce ko wani sunan ke riskar mutane kafin su cike gurbin farko.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne MoMo ɗin nan. Kuɗin marayu, da na rufi, da na cefanenki, duk a layi ɗaya mai sunanki. Idan wayar ta ɓata fa, ko 'yan damfara suka yaudare ki da lambar sirri? Idan ta Allah ta kasance, da me ƙungiya za ta nuna wa magadanki cewa kuɗin ba naki ba ne? Kuma da a ce sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, da ba ke kaɗai za a dinga nunawa da baki ba.

Ku buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya. Masu sa hannu uku, dole biyu su sa kafin a ciri komai, kuma kada su fito gida ɗaya. Banki zai nemi tsarin mulkinku, da bayanin zaman da kuka yanke shawarar, da katin shaidar ɗan ƙasa (Ghana Card) na masu sa hannun. Tunda har an fara aiko muku daga waje, ku yi tunanin rajista a ofishin rajistar kamfanoni ƙarƙashin dokar 2019 mai lamba 992, a matsayin ƙungiyar da ba ta raba riba. Ku sani tana zuwa da nauyi, duk shekara sai an binciki lissafi an miƙa rahoto. Ku guji masu alkawarin ninka kuɗi. A 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya 347, kuma na san wata ƙungiya da ta daɗe tana zarya kafin ta ga kuɗinta.

Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kwanan wata, daga wa, don me, nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ya rage. Kuɗin rufi shafinsa daban. Rasit a manna, in mai kaya ba shi da shi ya sa hannu ko ya dangwala. Ki rubuta adadi da sidin yau, domin tun canjin kuɗi na 2007 iyayenmu ke kiran sidi 100 "miliyan ɗaya", kuma na taɓa raba rigimar da wannan kaɗai ya haddasa. Duk zaman wata a karanta littafin da ƙarfi, wata dabam da ke ta duba. Wadda ta ce rubutu rashin yarda ne, ki tuna mata aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ƙarami ko babba.

Kwanon kuma kada ku jinkirta. Mun ga yadda hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamban 2022, kuɗi na ajiye suna narkewa. Ku tambayi farashi wajen masu kaya uku, ku saya kafin ruwa ya sauka, ku tura wa mutumin Jamus hoton rasit da na rufin. Ita kuma mai takaba, ki fara zuwa gidanta da naki gudummawar, ki roƙi shugaba ta zagaya da faranti ranar zama.