Yadda dok ke gabatar da kansa ga kwamfuta: amsa ga Hamisu

Hamisu, tambayarka ba ta tsaye a bakin shago ba ce, shi ya sa na ce ka bari in rubuta maka, sauran yaran da ke koyon gyara a nan Garwa su ma su amfana. Ka ce wani ma'aikacin ofis ya kawo dok, akwatin nan da ake jona wa laftof da kebul ɗaya tak, ya haɗa ta da babban allo da kibod da linzami da wayar intanet. A laftof ɗinsa kibod da linzami na aiki amma allo baƙi ƙirin, a tamu ta shago kuwa komai ya tashi. Kana so ka san ta yaya kwamfuta ke gane abin da aka jona mata, da kuma inda matsalar take.

Ɗana, bakin USB-C, wato inda ake soka kebul ɗin dok, ba ya sakin wuta don kawai an soka masa abu. Sai an yi sallama an amsa, an tambayi baƙo sunansa da abin da ke tafe da shi, kamar yadda ba a wuce zaure kai tsaye. Tambayoyin kuma a jere suke zuwa. Wanda ya san jerinsu, da ya ga inda magana ta tsaya ya san inda zai sa mita.

Bakin yana da ƙafafu 24, amma biyu ne ke buɗe magana, CC1 da CC2. Na'urar da ke neman wuta tana da rizista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai kilo-om 5.1 tsakanin ƙafar CC da layin ƙasa (GND). Mai ba da wutar kuma yana da tasa da ke jan ƙafar sama: kilo-om 56 idan ɗan ƙarfin USB na asali kawai zai bayar, 22 idan zai iya amfiya 1.5, 10 idan zai iya amfiya 3. Da kebul ya haɗa su, kowanne ya auna volt ɗin da ya zauna a ƙafar, sai ya san wa ke gabansa. Kafin wannan, dok ba zai saki ko volt 5 ba. Don haka idan ka sa mita a kan kebul ɗin dok ba a jone da komai ba ka ga sifili, kada ka ce ya mutu. Na ga yara da yawa sun fasa lafiyayyar caja saboda wannan, kuma abin yana ɓata mini rai, domin kuɗin mutane ne.

Ka lura da wani abu. Cikin kebul, waya ɗaya ce ke ɗauke da CC daga wannan kai zuwa wancan, don haka yadda ka juya kan kebul shi ke zaɓar CC1 ko CC2. Duk wayar da aka kawo maka tana caji ta fuska ɗaya, ka juya ta ƙi, to ɗaya daga ƙafafun nan ta tsinke ko ta yi tsatsa, ko datti ya toshe. Ƙurar hunturu da zufar watan Afrilu a garin nan ba sa raga wa bakin caji. Ka fara da tsinke mai laushi da sifirit kafin ka kunna injin iska.

Wannan dabarar rizista daɗaɗɗiya ce. Bakin Apple mai ƙafa 30, wanda ya fito a 2003, yana da ƙafa guda da ke auna rizista don sanin irin mazaunin da aka ɗora iPod a kai. Mu da muka yi zamanin Galaxy S mun san ɗan abin da muke haɗawa da kanmu, wanda ake kira jig: rizista mai kilo-om 301 a ƙafar ID ta micro-USB, ka soka wa wayar da ta ƙi tashi sai ta shiga yanayin filashin, wato sake ɗora mata manhaja. Cajar Dell mai zagayen kai kuwa, allurar tsakiya tana zuwa ga wani ɗan aisi, wato ƙaramin guntun lantarki (IC), da ke faɗa wa laftof watt nawa cajar take da shi. Allurar ta karye, laftof ta ce ba ta san cajar ba, ta ƙi cika batir, ta rage gudu.

Bayan rizista sai magana ta gaske ta fara, a kan wannan ƙafar ta CC, da tsarin da ake kira USB PD. Dok zai jera abin da yake da shi, misali volt 5, 9, 15, 20. Laftof ta zaɓa, dok ya amince, sannan ya ɗaga wutar. Idan ana son wuce amfiya 3, wato sama da watt 60 a volt 20, har kebul ɗin sai an tambaye shi. Kebul mai ɗaukar amfiya 5 yana da ɗan aisi a cikin kansa da ke amsawa. Kebul na jaka ɗaya da ake talla a tasha ba shi da wannan, ko da an rubuta watt 100 a kwalinsa.

Yanzu ga wurin da matsalar mutuminka take. Laftof za ta tambayi dok ko wane ne, sannan ta tambaye shi waɗanne ayyuka na musamman ya iya. Idan ya iya fitar da hoto ta DisplayPort zai amsa da lamba FF01, idan Thunderbolt ne 8087, lambar Intel. Suka daidaita, sai a ɗauki biyu ko duka huɗu na layukan gudu, wato masu kai bayanai da sauri, a ba hoto. Amma dole fanel ɗin laftof, wato babban faifan lantarkin da ke cikinta, ya kasance an ja masa layin hoto zuwa wannan bakin tun daga masana'anta. Laftof da yawa masu rahusa suna da bakin USB-C na bayanai kawai. Kibod da linzami kuwa ba ruwansu da wannan, ta ƙafafun D+ da D- suke bi, shi ya sa suka yi aiki allo ya ƙi.

Kana iya tabbatarwa ba tare da ka kwance ko sukuru ɗaya ba. Duk na'urar USB tana miƙa wa kwamfuta takardar shaidarta, a ciki akwai lambar kamfani da lambar kaya, VID da PID. Ƙungiyar USB-IF ce ke raba lambar kamfani: Dell 413C, Lenovo 17EF, HP 03F0, Realtek 0BDA, wanda za ka yawan gani a bakin intanet na dok. Kwamfutocinmu galibi da Faransanci suke, don haka ka buɗe Gestionnaire de périphériques ka duba lambobin. Dok ba zai bayyana a matsayin abu ɗaya ba, za ka ga hob, wato mai raba bakin USB ɗaya zuwa da yawa, da tarin na'urori a ƙarƙashinsa. Idan ka ga 17E9, dok ɗin na DisplayLink ne, wanda ke tura hoto ta USB na yau da kullum, kuma diraiba, wato manhajar da ke tafiyar da shi, kawai yake nema. Idan Windows ta fito da saƙo cewa haɗin allo ba zai yi aiki daidai ba, dok ne ya sanar da ita cewa ya nemi hanyar hoto bai samu ba.

Gobe da safe ka duba gefen bakin laftof ɗin mutumin, ko akwai alamar walƙiya ko harafin D, ka kuma nemi lambar samfurinta a shafin kamfanin. Ka gwada da kebul ɗin da ya zo da dok ɗin, domin kebul na caji zalla ba shi da layukan gudu. Idan ya tabbata bakin ba ya fitar da hoto, ka gaya masa gaskiya: dok ɗinsa lafiya lau, laftof ɗinsa ma lafiya lau. Ya ja HDMI daga laftof zuwa allo kai tsaye, ya bar wa dok kibod da intanet, ko ya nemi na DisplayLink. Kuɗin dubawa kawai za ka karɓa.