Motar mahaifina ta tashi bayan shekara 11, amma birki na nutsewa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 ƙirar 1979, ta yi shekara 11 a ajiye ko motsa ta ba a yi ba. Wata huɗu ke nan ina gyara ta da hannuna a gida. Na wanke tanki da kafireta, na sauya fulogi da baƙin mai, na sa sabon batir, kuma alhamdu lillahi ta tashi. Birki ne ke hana ni barci. In na taka sai ya nutse kusan ƙasa, sai na buga sau uku ko huɗu kafin ya kama, kuma na ga danshin mai a cikin tayar baya ta dama. Wani bakanike ya ce in bari ya toshe bututun wannan ƙafar, a ƙara mai, wai sauran ƙafafu ukun sun isa. Mahaifiyata ta daɗe tana marmarin in zagaya da ita a cikin motar. In yarda da shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a aikin da ka faro. Ɗan'uwa, kada ka yarda. Kuma kada motar nan ta fita ƙofar gida, balle a ce da mahaifiyarka a ciki, sai ka sabunta birkinta tun daga feda har ƙafafu huɗu.

Maganar toshe ƙafa ɗaya kusan kullum sai na ji ta, kuma har yau ba ta daina ɓata mini rai ba. Masu yin ta suna cewa ai ƙafafun gaba ne ke yawancin aikin tsayawa. Gaskiya ne, domin nauyin mota yana komawa gaba idan an taka birki. Abin da ba sa faɗa maka shi ne an ƙera birki ne domin hagu da dama su kama da ƙarfi ɗaya a lokaci ɗaya. Ka kashe ƙafar baya ta dama, ɓangaren hagu zai riƙe fiye da na dama. A tafiyar cikin unguwa ba za ka ji komai ba, shi ya sa mai toshewar yake gwada maka a hankali ya ce ka gani, lafiya lau. Ranar da yaro ya faɗo titi ka danna birki da iya ƙarfinka, ko ranar da ƙasa ta jiƙe, ranar ce motar za ta fizge gefe guda, bayanta ya nemi wuce gabanta, sitiyari kuma ya daina jin maganarka.

Sannan ka tambayi kanka da me ake toshewar. Yawanci ƙusa ce ake cusawa a bakin bututu a ɗaure noti a kanta, ko a lanƙwasa bututun a daddake shi da guduma. Na taɓa kwance wata tsohuwar mota da aka kawo mini, na buɗe notin ƙafar baya sai ga kan ƙusa ya faɗo a tafin hannuna, ya ci tsatsa, ya kuma tsaga leɓen bututun, mai yana tsattsafowa ta gefensa. Mai motar bai ma san an yi masa haka ba, ce masa kawai aka yi an gyara. Matsin da ke cikin bututun birki a tsayawar gaggawa yakan kai bar 100, alhali iskar tayarka ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu ba. Wannan matsin ne ake so ƙusa ta riƙe. In ta saki, man da ke wannan layin gaba ɗaya zai tsiyaye, feda ta faɗi ƙasa. Da yawa daga motocin da suka fi taka tsufa ma layi ɗaya ne tak ke ciyar da ƙafafu huɗu, sai a ƙarshen shekarun 1960 doka ta tilasta layi biyu a Amurka. A irin waɗancan, yoyo ɗaya yana nufin babu birki ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne toshewar ba ta taɓa ciwon ba. Robar da ta fashe a ƙafar dama tare aka sa ta da ta hagu, tare suka yi shekara 11 suna bushewa. Wadda ta fara yoyo gargaɗi take yi maka a madadin sauran. Wanda ya toshe ta ya rufe bakin mai gargaɗin ne kawai, ya karɓi kuɗinsa, ya bar ka da motar. Ni ban ga bambancinsa da mai rufe gyambo da tsumma ba.

Ƙanwar wannan ɗabi'ar ita ce “a ƙara mai kawai”. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska ko motar na tafiya ko tana ajiye. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma da ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsa, ma'aunin ya sauko zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa 140. A doguwar gangara birki yana ɗaukar zafi, man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka taka ka ji wayam. Shi ya sa ake sauya man duk shekara biyu. Naka ya haura goma, kuma ruwan da ya sha ya daɗe yana cin cikin masta, wato babbar silindar da feda ke dannawa, da silindar ƙafafu. Wasu har baƙin mai ko man giya suke zubawa idan na birki ya yanke musu. Wannan kumbura robobi yake yi har su lalace, sai an sauya kowace roba a layin. Tsofaffin Citroën masu koren mai na LHM ne aka ƙera da irin wancan, taka ba ta cikinsu. Kada kuma ka haɗa DOT 5 na silikon da DOT 4.

Ga abin da za ka yi. Ɗaga motar a kan ƙasa mai tauri, ka ɗora ta bisa ƙafafun ƙarfe, kada ka taɓa shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita. Wasu 504 birkin faifai ne gaba da baya, wasu ganga ce a baya, sai ka duba taka. In ganga ce, kada ka hure ƙurar ciki da iska, tsofaffin takalman birki suna ɗauke da asbestos, abin da ke cutar da huhu. Jiƙa ta ka goge da tsumma, hancinka a rufe. Takalmin da mai ya jiƙa ba ya wankuwa, sauya shi ake yi, kuma hagu da dama tare. Sauya robobin silinda da na kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifai, in ka ga ramukan tsatsa a cikin silindar to sabuwa za ka nema. Tiyoyin roba duka su tafi ko da sun yi kyau a ido, domin daga ciki suke rubewa, har su riƙe mai ƙafa ta ƙi sakin birki. Bi bututun ƙarfe da yatsa daga gaba zuwa baya, musamman inda aka maƙale su a jikin mota, nan tsatsa ke ɓuya.

Masta ma ka kwance ta ka duba kafin ka fara cire iska daga bututun birki. Mutane da yawa suna danna tsohuwar masta har ƙasa wajen cire iska, robar ta bi ta wurin da tsatsa ta cinye ta yage. Idan komai ya koma, zuba sabon mai daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, ka fara cire iska daga ƙafar da ta fi nisa da masta, har man ya fito garau babu kumfa.

Gwajin farko a tsaye ake yin sa: inji a kashe, taka feda da ƙarfi ka riƙe na daƙiƙa 30. In tana sulalewa ƙasa a hankali, akwai sauran aiki. In ta tsaya daram, sai ka duba tayoyi, domin birki ba ya wuce abin da taya ta riƙe. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen taya mako ne da shekarar ƙira, in uku ka gani to kafin shekarar 2000 aka yi ta. Taya huɗun nan dai sauya su za ka yi. Daga nan ka gwada motar kai kaɗai a fili, da gudu kaɗan, kana ƙarawa a hankali, har ka ga tana tsayawa a miƙe ba ta jan sitiyari ko'ina. Washegari ka leƙa bayan kowace taya da tocila, in babu danshi, sai ka je ka gaya wa Mama ta shirya.