Gefen sabon ciko ba hanya ba ne

Kana tambaya yadda ake bi da mota in an tarar ana aikin hanya, an karkata mutane ta gefe. To, ajiye wayar nan tukuna, ɗana, ku yaran yanzu kunne ɗaya kuke ba mutum.

Zancen rage gudu da bin mai jar tuta ba zan ɓata bakina a kansa ba. Abin da ke kada babbar mota gefe ne. Jar ƙasar da aka zuba sabuwa, tsakiyarta injin daɓe ke takawa sosai, bakinta kuwa ido kawai ke ganinsa hanya.

Wata shekara na ɗauko aya daga Cadawa zan kai Ɗan Isa. Mai kayan, wani Alhaji, na tafi salla ya sa aka ƙara buhuna a bisa, aka ja tamfol aka ɗaure. Tun da na tashi na ji motar tana nishi. Na yi magana, ya rantse mani da Allah lissafi daidai yake. Muna shiga wurin aikin ƙura ta turnuƙe, sai ga wani yaro da Hiace cike da mutane, ya fito zai wuce wata mota, ba fitila, ya yo kaina. In na tsaya kan layina rayuka ne za su tafi. Na ba shi wuri. Tayar baya ta dama ta hau bakin cikon, ƙasa ta zame, mota ta kwanta sannu a hankali kamar raƙumi zai gurfana. Sifirin ya karye, buhuna suka fashe, aya ta gauraya da rairayi. Yaron ko waiwayowa bai yi ba. Alhajin kuwa gaban jandarma ya sake rantsuwa, ya ce ni na ɓata masa dukiya. Ko dala bai ba ni ba har yau, gyara daga aljihuna ya fito. Da nauyinta na gaskiya ne, wallahi da na fitar da ita, ni na san hannuna.

Saboda haka ka sauko giya tun kana kan kwalta. Fitila a kunne ko da rana tsaka. In tankar ruwa ta jiƙa ƙasar, kar ka danne burki da ƙarfi, santsi gare ta. Motar share hanya kuma baya take komowa, mai ita bai cika ganinka ba, ka ba ta fili.

Gobe in za a yi lodi, kai za ka tsaya ka ƙidaya buhu ɗaya bayan ɗaya kafin a ja tamfol.