Yaron da ke suma yana tsakiyar gudu: farfaɗiya ce ko zuciya?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 9 ya sume sau biyu yana buga ƙwallo, ya yi 'yar fizge-fizge, kafin mu isa asibiti ya tashi garau. An ce farfaɗiya ce. Amma ƙanen babansa, gwanin iyo, a rafi ya nutse yana saurayi. Ko akwai alaƙa?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni dai ba zan yarda da farfaɗiya ba sai an yi masa gwajin zuciya na ECG. Suman da ya zo ana tsakiyar gudu, ko iyo, ko lokacin firgita, ga kuma mutuwar fuju'a a dangi, zuciya ake fara tuhuma. Idan bugunta ya harƙe, jini ba ya isa ƙwaƙwalwa, jiki kuwa ya yi ta karkarwa, mai kallo ya rantse farfaɗiya ce, wani ma ya ce iska.

Cikin cututtukan wutar zuciya da ake gada, wanda aka fi gani shi ne ciwon doguwar QT, kusan mutum 1 cikin 2,000. QT wani ma'auni ne a gwajin ECG, na lokacin da wutar zuciya ke ɗauka kafin ta daidaita a kowane bugu. Zuciyar lafiyarta ƙalau a hoto, wutar da ke sa ta bugawa ce ke jinkirin daidaita. Galibi idan uwa ko uba na ɗauke da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, don haka ku iyaye da 'yan'uwansa duk a gwada ku.

Abin da ya fi damuna shi ne magani. Kulorokwin, kwinin, eritromaisin, azitromaisin da maganin amai ondansetiron duk suna ƙara tsawon QT. Zawo da amai kuma suna zubar da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata, haɗarin ya ƙaru. Duk sanda kuka shiga ɗakin gaggawa, kafin a ɗauko allura, ki faɗi labarin baffan nan nasa.

Idan ya faɗi ba ya numfashi, a bar yayyafa ruwa da cusa cokali a baki. A danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har a isa asibiti. Can za a girgiza zuciyar da na'urar lantarki, a sa masa magniziyam ta jijiya, a gyara fotasiyam, a kuma guji maganin daidaita bugun zuciya na amiyodaron, don shi ma tsawaita QT yake yi.

In an tabbatar da ciwon, shan maganin furofuranolol ko nadolol kullum ba fashi yana kare yawancin yara. Kafin likitan zuciyar yara ya gan shi, a dakatar da ƙwallo da wankan rafi.